Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Lafiya a Matakin Farko: Ku Fito da Adirenalin Daga Akwatin Riga-kafi

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, shugabannin hukumomin kula da lafiya a matakin farko na jihohinmu, da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi, da masu riƙe da asibitocin unguwanni da na ƙauyuka.

Mu ma'aikatan sashen yara ne, likitoci da ma'aikatan jinya da masu ba da shawara kan abinci. Mun rubuto muku ne a kan yaran da jikinsu ba ya jituwa da wani abinci, abin da a asibiti ake ce wa alaji, a gida kuma ake cewa "abincin bai karɓe shi ba" ko "borin jini ne ya tashi". Mun san teburinku cike yake da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da tamowa, kuma ba mu zo mu ce wannan ya fi su yawan kisa ba. Sai dai ciwo ne da maganinsa kwalbar allura ɗaya ce mai arha, kuma minti goma na farko ne ke raba gardama. A wannan minti goman, yaron yana hannun ma'aikacinku na ƙaramin asibiti. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga yadda abin yake zuwa. Jariri ɗan wata takwas, an ba shi ƙwai karo na farko ko na biyu. Kafin a wanke kwano leɓɓansa sun kumbura, fatar idonsa ta tashi, ya yi amai sau biyu, kukansa ya dushe kamar na wanda mura ta shaƙe, yawu na zuba. Uwa ta saɓe shi ta yi asibiti. Abin da aka saba yi shi ne a ɗura masa ruwan Piriton, a nemi jijiya a yi masa allurar haidirokotizon mai rage kumburi, a rubuta takarda a ce "ku wuce babban asibiti". Duka ukun sun tsallake abin da ya kamata a fara yi. Piriton yana rage ƙaiƙayi da ƙurajen fata, amma ba ya buɗe maƙogwaron da ya kumbura, ba ya ɗaga bugun jinin da ya faɗi, ga shi yana sa barci, sai a kasa bambance yaron da magani ya kwantar da wanda jikinsa ya saki. Haidirokotizon kuwa sai bayan sa'o'i yake fara aiki. Shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin ceton rai a Birtaniya ta fitar da su biyun daga matakin farko na maganin wannan yanayi a ƙa'idojinta na 2021. Abu ɗaya ne ke tare wannan yanayi: allurar adirenalin, mai buɗe hanyar numfashi ta ɗaga bugun jini, a tsokar cinya, nan take.

Abin takaicin shi ne kwalbar tana cikin ginin. Duk inda ake allurar riga-kafi ana tanadin akwatin ko-ta-kwana saboda yaron da allura za ta tayar wa jiki, kuma adirenalin na ciki. Amma akwatin na jami'in riga-kafi ne, ranar riga-kafi ake buɗe shi, sauran ranaku yana kabad a kulle, makulli kuma ya tafi gida da mai shi. Roƙonmu na farko ke nan: a ajiye adirenalin a ɗakin duba marasa lafiya, inda mai aikin dare zai miƙa hannu ya ɗauka ba tare da ya buga wa kowa waya ba.

Kwalba kaɗai ba ta isa ba, dole a haɗa ta da sirinji mai cin mililita 1. Wannan ƙaramin abu ne da ake yawan mantawa. Adirenalin ɗin da ake amfani da shi shi ne mai ƙarfin miligiram 1 a kowace mililita, wanda aka rubuta 1:1000 a jikinsa. Jaririn da bai kai wata 6 ba ana ba shi mililita 0.1 zuwa 0.15. Daga wata 6 zuwa shekara 6, mililita 0.15. Daga shekara 6 zuwa 12, mililita 0.3. Wanda ya haura haka, 0.5. Babu mai iya auna 0.15 da sirinjin mililita 5 yana cikin ruɗu, ko ya ba da kaɗan ko ya zarce. Akwai kuma lissafin nauyi, mililita 0.01 ga kowane kilo, ba a wuce 0.5. Dukkansu karɓaɓɓu ne, amma ku zaɓi ɗaya ku buga shi da manyan baƙaƙe ku manna a bango. Mu mun fi son na shekaru, domin babu mai lokacin ɗora yaro a sikeli yana shaƙewa.

Wurin allurar shi ne tsakiyar cinya ta gefen waje, a soka tsaye har cikin tsoka. A ɗuwawu kitse ya yi yawa, maganin ba ya shiga jini da sauri, haka ma ƙarƙashin fata. Ta jijiya kuwa kada a kuskura, wannan ƙarfin zai iya rikita bugun zuciya. A duba agogo a rubuta lokaci. In minti 5 ya cika yaro bai farfaɗo ba, a maimaita a ɗaya cinyar. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In amai yake yi, a juya shi gefe. In numfashi ne ya fi damunsa, a bar shi ya ɗan jingina. Abin da ba a yi shi ne tsayar da shi ko miƙar da shi zaune farat ɗaya, domin jijiyoyin jini sun saki, jinin ba zai koma zuciya ba. Wannan ya shafi goyo kai tsaye: uwar da za ta hau babur da irin wannan yaro kada ta goya shi a baya, ta rungume shi a kwance bisa hannuwanta. Bayan adirenalin ne ake sa iskar oksijin in akwai, da ƙarin ruwan gishiri ta jijiya mililita 10 ga kowane kilo in jiki ya yi sanyi bugun jini ya raunana, da maganin shaƙa na asma in ƙirji na shewa. Sannan a tura shi gaba tare da ma'aikaci da kwalba ta biyu a aljihu.

Ko ya warware yana wasa, ba a sallamarsa nan take. Ciwon yakan dawo bayan sa'o'i ba tare da an sake cin komai ba. Wanda ya buƙaci allura biyu a riƙe shi aƙalla awa 6, wanda gidansu ke nesa da asibiti kuwa awa 12 ne ya dace, wato ya kwana.

Ita kwalbar kanta tana son kulawa. Haske da zafi suna lalata ta, ba a kuma daskarar da ita. A bar ta cikin kwalinta a wuri mafi sanyi na ɗakin, nesa da taga. Ruwanta garau yake kamar ruwan sha, in ya fara komawa ruwan hoda ko ruwan ƙasa ya mutu, a zubar. A sa duba ranar ƙarewarta cikin aikin ƙarshen wata. Irin alƙalamin nan mai yin allura da kansa, kamar EpiPen, da iyaye ke yawo da shi a Turai da Amurka, yana da tsada kuma da wuya a same shi a nan, don haka kada a gina tsari a kansa.

To, yaushe ake yin allurar? Nan ne horo yake da amfani, domin littattafan da aka koyar da mu da su hotunan farar fata ne, suna cewa a nemi jan ƙurji. A fatar yaranmu borin jini ba ja yake fitowa ba. Tudu-tudu ne da ake ji da tafin hannu, wani lokaci ya ɗan fi fatar duhu ko haske. Ɗashewa kuma a cikin leɓe da dasashi da tafin hannu ake ganinta. Jariri ba ya iya cewa maƙogwarona ya toshe, sai dai ka ga yana jan kunnensa, yana sosa harshe, ya ƙi nono, murya ta canza, ko ya yi laushi kwatsam kamar tsumma. Ƙa'idar da za a koya wa kowa gajeriya ce: in bayan cin abinci, cikin mintuna zuwa awa 2, an ga matsala a maƙogwaro ko numfashi ko yaro ya saki jiki, a yi adirenalin, ko da babu ƙurji ko ɗaya. Wasu yaran fatarsu ba ta nuna komai. In kuwa ƙuraje ne kawai ko ɗan kumburin leɓe, yaro yana numfashi lafiya yana kallonka, a nan ne maganin ƙaiƙayi yake da gurbi, a ba shi a zaunar da su ana dubawa. In an yi kokwanto tsakanin biyun, a yi allurar. Illarta a cinya galibi ba ta wuce rawar jiki da bugun zuciya na ɗan lokaci ba.

Akwai wani nau'in alajin da ke rikita ma'aikata. Jariri ya sha madarar gwangwani ko kunu, babu ƙurji babu kumburi, sai bayan awa 1 zuwa 4 ya fara amai ba ƙaƙƙautawa, ya ɗashe, ya yi laushi. Ana ɗaukarsa a matsayin amai da gudawa ko ƙwayar cuta a jini, a yi magani ya warke, a sake ba shi abincin ya sake faɗuwa. Wannan ƙarin ruwa yake so, adirenalin ba ya masa aiki, kuma tambaya ɗaya ce ke tona shi: "Me ya ci kafin wannan karon, me ya ci kafin wancan?" Dabam kuma da yaron da ya tashi daga gudawa mai tsanani, madara ta fara sa shi kumburin ciki da zawo mai tsami. Wannan sukarin madara ne hanjinsa ya kasa narkarwa na ɗan lokaci, ba alaji ba ne, yana wucewa cikin makonni, kuma ba dalili ba ne na cire shi daga nonon uwa.

Bayan an ceto yaro sai aikin da ya fi tsawo, wato hana maimaituwa. Muna roƙon a rubuta sunan abincin da jan biro a fuskar katin lafiyar yaro, kuma ma'aikaci ya zauna da uwar ya bi da ita tukunya-tukunya, domin "kada ki ba shi gyaɗa" ba bayani ba ne a ƙasar da gyaɗa ke ɓuya a rabin girkinta. Tana cikin yajin tsire da na balangu, tana cikin labun kilishi, tana cikin kwaɗon zogale da na rama, da miyar taushe, da fate, da dakuwa, da garin kunun yara da ake haɗawa da waken suya. Man gyaɗa na gida, wanda aka matse wajen yin ƙuli, yana ɗauke da ragowar abin da ke tayar da ciwon, don haka ƙosai ko awarar da aka soya da shi suna cikin lissafi. Madara tana cikin man shanu da kindirmo da cuku da alewar madara da biskit da yawancin burodi mai laushi. Ƙwai yana cikin kek da cincin. Riɗi yana cikin kantu. Jatan lande ana daka shi ya ɓace a miya. Tafasa ko suya ba sa kashe alajin gyaɗa, kuma tsame ta daga kwano ba ya tsarkake abincin. Turmin da aka daka ƙuli, da ludayin da ya shiga kunun gyaɗa, da injin markaɗen unguwa, duk suna ɗaukar saura. Sabulu da ruwa ke fitar da shi daga hannu da kwano, man goge hannu na kwalba ba ya fitarwa.

Kuma ba uwa kaɗai ke ciyar da yaro a gidajenmu ba. Akwai kaka, akwai abokiyar zama, akwai yayye da ke ɗanɗana masa abin da ke hannunsu, akwai ranar suna da biki da kowa ke tura masa loma. Mafi haɗari shi ne mai cewa "a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan zai saba". Ga yaron da ya taɓa kumbura, wannan gwaji ne da ake yi a asibiti kawai, likita na tsaye da allura a shirye. Ku sa ma'aikatanku na cikin al'umma su riƙa neman uban yaron da kakarsa su faɗa musu da bakinsu, domin sau da yawa maganar matashiyar uwa ba ta da nauyi a gaban surukarta. Malamar raino da malamin Islamiyya su ma a ba su takarda mai sunan abincin da lambar wayar iyaye da sunan asibiti mafi kusa.

Yanzu ga ɗaya gefen, wanda a ganinmu ya fi yawan cutar da yara a nan duk da ba ya yin ƙara. Yaro ya yi ƙurajen zafi ko ƙazuwa, wani ya ce ƙwai ne, wani ya ce kifi ne, wani ya ce wake. Kafin wata biyu an bar shi da koko zalla. Dama can akwai tsohon camfin cewa ƙwai na sa yaro sata, sai ya samu abokin tafiya. A yankin da tamowa ke kwantar da yara, hana yaro ƙwai da gyaɗa da kifi da nono a kan zato babban laifi ne. Abincin da aka tabbatar shi kaɗai ake cirewa, a kuma maye gurbinsa: in madara ce, a ƙara wake da kifi da nama da garin kuka da zogale, a riƙa auna nauyinsa duk wata.

Gwajin jini ma ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan 'yan makaranta sama da 1,600 a Ghana ya gano kusan kashi 17 cikin ɗari jininsu na nuna alamar alajin gyaɗa, alhali waɗanda gyaɗar ke tayar wa jiki da gaske ba su kai kashi 2 ba. Masu binciken sun danganta hakan da tsutsar tsargiya, wadda ke sa jini ya nuna alamar ƙarya. Mu ma muna da tsargiya. Yaron da ke cin ƙuli lafiya lau kada takardar ɗakin gwaji ta raba shi da shi. Labarin abin da ya faru, me aka ci, bayan minti nawa, me aka gani, ya taɓa faruwa a baya, shi ne babban gwaji.

Alajin madarar shanu yana buƙatar a tsaya a kansa, saboda a nan ake yawan kuskure. Yakan bayyana ranar da aka fara haɗa wa jariri da madarar gwangwani, ko kuma a hankali: ɗigon jini da majina a kashin jaririn da ke shan nono yana ƙiba lafiya, ko kirci mai taurin kai, ko amai kullum da rashin ƙaruwar nauyi. In an ga jini, a fara tabbatar da cewa ba atuni ba ne ko tsagewar dubura, kuma jaririn da ke ƙwalla kuka yana naɗe ƙafafu yana amai a tura shi gaba nan take. In zato ya tsaya kan madara, uwa ta ci gaba da shayarwa, ita ce za ta bar shan nonon shanu da madara da cin man shanu na mako 2 zuwa 4. In yaro ya samu sauƙi sai ta koma ci don a tabbatar. Wannan mataki na komawa shi ake tsallakewa, sai mace ta shekara tana ƙaurace wa fura da nono a banza. Nonon akuya ko na tunkiya ba mafita ba ne, sinadarinsu kusan ɗaya ne da na saniya, galibin yaran da wannan ya tayar wa jiki wancan ma zai tayar. Madarar waken suya ta jarirai ba a son ta kafin wata 6, wadda ake tacewa a gida kuwa ba ta isa abincin jariri ba sam. Madara ta musamman da aka farfasa sinadarinta tana aiki, amma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin gidaje, don haka kare shayarwa shi ne maganin da muke da shi. Albishir ɗin da za a yi wa iyaye shi ne yawancin yara suna rabuwa da alajin madara da na ƙwai yayin da suke girma, a riƙa sake dubawa duk bayan wata 6 zuwa shekara. Na gyaɗa ya fi naci, kusan ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da shi.

Game da kariya tun farko, ilimi ya juya, kuma wasu ma'aikata har yanzu tsohon karatu suke bayarwa, na cewa a jinkirta ƙwai da gyaɗa sai yaro ya shekara ko fiye. A 2015 aka fitar da sakamakon binciken da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan kan jarirai 640 masu kirci mai tsanani ko alajin ƙwai. Waɗanda aka fara bai wa gyaɗa tun suna wata 4 zuwa 11 aka ci gaba, kusan kashi 3 cikin ɗari ne suka kamu da alajinta a shekara 5. Waɗanda aka hana, kusan kashi 17. Kunun gyaɗan da iyayenmu mata ke dama wa yaro bai saɓa wa wannan ba. Saƙon da za a bayar a ranar awo shi ne nonon uwa zalla har wata 6, daga nan a shigo da gyaɗa da ƙwai da kifi ba tare da jinkiri ba, sabon abu ɗaya a rana, da safe, ranar da yaro ke da lafiya. Gyaɗa: cokalin shayi 2 na markaɗaɗɗiya mai laushi, a sassauta da ruwan ɗumi cokalin shayi 2 ko 3 ko a dama cikin kunu. A lasa masa a bakin cokali, a jira minti 10, in babu komai a ba shi sauran, a sa masa ido na awa 2. In ta karɓe shi a ci gaba kamar sau 3 a mako, domin fara ba shi sannan a daina na watanni yana zubar da amfanin. Ƙwai a dafa shi sosai har gwaiduwa ta daskare, a fara da ɗan kaɗan a murmushe cikin abinci. Ƙwayar gyaɗa ɗungurungum da guntun ƙuli mai tauri ba na yaron da bai kai shekara 5 ba ne, suna sarƙe maƙogwaro. A tsince ruɓaɓɓiya mai fumfuna, gubarta wata matsala ce dabam da ke taɓa hanta. Jaririn da kirci ya ci jikinsa sosai, ko wanda ƙwai ya riga ya tayar wa jiki, a fara ba shi gyaɗar a asibiti. A kuma daina shafa wa irin wannan fata man gyaɗa, domin ta tsagaggiyar fata ne jiki ke koyon ƙin abinci. Man kaɗanya ko basilin sun wadatar.

Wannan ya kawo mu cibiyoyin kula da tamowa. Abincin leda da ake raba wa yara masu tamowa gyaɗa ce da garin madara da mai da sukari, madarar jinyar tamowa da ake kira F-75 da F-100 kuma ta shanu ce. Yawancin yara suna cinsu lafiya, kuma ba ma son a tsorata kowa. Amma gwajin cin abinci da ake yi ranar karɓar yaro shi ne karo na farko da wasunsu ke haɗuwa da gyaɗa ko madara. A tambayi uwa kafin a yage ledar, a riƙe yaron da bai taɓa ci ba ya ɗan zauna bayan ya ci, kuma adirenalin da sirinjinsa su kasance a wannan rumfar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da muke nema zai shiga cikin kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, ba sai an jira tallafin waje ba: ƙaramin tire a kowane asibiti mai ɗauke da kwalbar adirenalin 5, sirinjin mililita 1 guda 5 da allurarsu, da takardar awo manne a murfi. A rubuta ƙarara cikin ƙa'idojin aiki cewa ma'aikacin lafiyar al'umma yana da izinin yin wannan allura kafin ya tura yaro, domin da yawansu tsoron tuhuma ne ke riƙe musu hannu. A kuma riƙa yin atisaye na minti 20 duk bayan wata uku, da 'yar tsana da kwalbar da ta ƙare, kowa ya ja 0.15 da hannunsa, har da mai aikin dare. Duk sanda masu sa ido suka zo zagaye, su buɗe tiren su karanta ranar da ke jikin kwalbar.

Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiyar yara